Tambaya Da Amsa: Idan Lalura Ta Kwantar Da Ma'aikaci, Ya Maganar Fanshonsa?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru wannan watan kusan duk kan abu ɗaya suke, ma'aikacin gwamnati da ciwo ko haɗari ya kayar, ya za'ayi kar haƙƙinsa ya salwanta. Na zaɓo biyar, na ɗan rage tsawon wasu, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min da shawara. Maigidana ma'aikacin gwamnatin tarayya ne shekararsa 44, ya samu shanyewar ɓarin jiki tun bayan babbar sallah, hannun dama da ƙafa basa aiki sosai magana ma sai a hankali, kullum muna hanyar asibiti ana masa gashi. Toh yanzu wani abokin aikinsa yace min wai gara ya rubuta takardar ajiye aiki da kansa tunda baya zuwa ofis, kar azo a kore shi a rasa komai, wai in ya ajiye za'a bashi kuɗin fanshonsa duka. Ni dai hankalina bai kwanta ba wallahi, yara shida garemu. Ya rubuta ko kar ya rubuta? Nagode.
Maman yara, daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya bashi lafiya yasa kaffara ne, ke kuma Allah ya baki ladan jinya. Kar ya rubuta. Kuma kar ki bari wani ya rubuto ya kawo har gida yace ya dangwala hannu, ko da kuwa mai kawowar da kyakkyawar niyya yazo, don sau da yawa masu bada irin wannan shawarar ba mugunta bace rashin sanin doka ne kawai.

Ga yadda abin yake. Dokar fansho ta 2014, wadda hukumar PenCom ke kula da ita, tace ma'aikaci baya taɓa kuɗin asusunsa na ritaya sai ya kai shekara 50. Amma a sashe na 16 dokar ta ware wanda likita ƙwararre ko kwamitin likitoci suka shaida cewa jikinsa ko ƙwaƙwalwarsa baza su iya ɗaukar aikin ofis ɗinsa ba, da wanda ya samu nakasa ta dindindin. Shi wannan ana ɗaukarsa a matsayin wanda yayi ritaya ko shekararsa nawa, wato za'a iya bashi wani kaso a dunƙule sannan a tsara masa fansho na wata-wata. Wanda kuwa ya ajiye aiki don raɗin kansa yana ɗan shekara 44, abin da zai iya cira bai wuce kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun ba, shima sai bayan wata huɗu in bai samu wani aikin ba, sauran kuma ya zauna jira har ya cika 50. Kinga kenan shekara shida ba albashi ba fansho ga yara shida ga kuɗin magani, duk saboda takarda guda ɗaya da bata ambaci ciwo ba.

Amma fa abokin aikin nasa yana da gaskiya a waje ɗaya, zama a gida shiru ba takarda shima haɗari ne. A ƙa'idojin aikin gwamnati rashin zuwa aiki ba izini babban laifi ne da zai iya kai mutum ga kora, kuma hutun rashin lafiya yana da iyaka, wanda ba'a kwantar a asibiti ba kwana 42 ne jimilla a cikin wata 12, in ya wuce haka sai a tura shi gaban kwamitin likitoci su duba ko zai iya cigaba ko a sallame shi saboda rashin lafiya. Toh wannan kwamitin da mutane ke gudu kamar kotu, ku shi kuke buƙata. Ni a ganina kar ma ku jira su kira shi. Ki samu ɗan'uwansa namiji ko babban ɗanku in ya isa, ku karɓo rahoton likitan dake ganinsa a asibitin gwamnati, ku rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ma'aikatar ta hannun ofishin kula da ma'aikata, ku bayyana halin da yake ciki ku roƙi a tura shi kwamitin likitoci. Ku tafi da kwafi biyu, a buga muku hatimin an karɓa da kwanan wata akan ɗaya ku dawo da ita gida. Duk takardar hutu da asibiti suka bashi tun ranar farko ku haɗa, ku ɗauki hotonta a waya. Fayil yana ɓata a ofis, wannan ba sabon labari bane.

In kwamitin sunce zai iya dawowa ko da a wani tebur mai sauƙi ne, alhamdulillahi, albashi yafi fanshon wanda yayi ritaya da wuri nesa ba kusa ba, saboda a wannan tsarin abin da aka tara maka shi ake raba maka, kashi 8 daga albashinka kashi 10 daga gwamnati duk wata, wanda ya fita a 44 tarinsa bai kai na wanda ya kai 60 ba kuma shekarun da za'a raba kuɗin akansu sunfi yawa. Shi yasa bana son a gaggauta. Masu shanyewar jiki da yawa suna samun sauƙi sosai da gashi cikin watanni.

In kuma sunce bazai iya ba, ku tabbata takardar ritayar da ma'aikata zata bashi ta faɗi ƙarara cewa saboda rashin lafiya ne. Da ita da rahoton likitocin da takardar haihuwa ko ta shaidar shekaru da takardun albashi na baya-bayan nan zaku je kamfanin fanshonsa. Tun yanzu ma ki duba ko sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a katin NIN da banki da kamfanin fansho da fayil ɗin ofis, don Muhammad a nan Mohammed a can, ko 1980 a nan 1982 a can, ya isa ya tsayar da biya na watanni, kuma gyaran yafi sauƙi yanzu da albashi ke shigowa.

Sai abu na ƙarshe Hajiya, wanda mutane basa son ana faɗa amma dole ne. Za'a ce ya zaɓa tsakanin biyu, ko kamfanin fansho ya cigaba da riƙe kuɗin yana biyansa wata-wata, ko a miƙa kuɗin ga kamfanin inshora su dinga biyansa har ƙarshen rayuwa. Na inshora yana da daɗin cewa baya ƙarewa muddin mutum na raye, amma lamunin da suke bayarwa na shekara 10 ne, in mutum ya rasu bayan shekara goman magada basu da komai, kuma in an shiga ba'a dawowa. Na kamfanin fansho kuwa in ta Allah ta kasance abin da ya rage a asusun na magada ne. Rai dai a hannun Allah yake, mai lafiya na iya riga mara lafiya tafiya, amma mai lalura da ƙananan yara ya kamata ya zauna yayi tunani sosai kafin dillalin inshora ya zo masa da zaƙin baki. In kuna da damuwa kan kuɗin ruwa, tun 2021 akwai asusu na shida da ba'a juya shi ta hanyar ruwa, ku tambaye su.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni an min ritaya saboda ciwon ido shekara uku da suka wuce, ina karɓar ɗan fansho na duk wata. Cikin ikon Allah an min aiki ido ɗaya ya buɗe har na buɗe shagon POS a bakin layinmu. Yanzu wani tsohon abokin aikina da muka samu saɓani yace zai kai ƙarata wai na warke ina cin kuɗin gwamnati a banza, za'a tsayar da fanshon har ma ace na dawo da wanda na ci. Wallahi ko bacci bana yi, har na fara tunanin rufe shagon.
Wani bawan Allah, daga Gombe

AMSA: Malam buɗe shagonka da sassafe, Allah yasa albarka. Indai ritayar taka ta bi hanya, likitocin gaske suka duba ka suka rubuta abin da suka gani a lokacin, kuma fanshon naka daga asusun ritaya na kamfanin fansho yake fitowa, toh ba kuɗin gwamnati kake ci ba, kuɗinka ne. Kamar asusun ƙasa ne da ka dinga jefa kuɗi a ciki shekara da shekaru, yanzu aka fasa maka, wanda kuka yi faɗa dashi bashi da ta cewa a ciki. Dokar bata ce wanda yayi ritayar rashin lafiya ya naɗe hannu ya zauna ba, bata kuma sa wani iyaka kan abin da zai samu a kasuwa ba.

Abin da dokar ta faɗa kan samun sauƙi ma don amfaninka ne. Kai da kanka kana iya neman likitocin su sake duba ka, sau ɗaya a cikin shekara biyu, in sun shaida ka warke kuma ka samu wani aikin albashi sai ka koma cikin tsarin a cigaba da tara maka. Lura, kai ke nema. In har hakan ta faru ka samu aikin albashi, ka rubuta wa kamfanin fanshonka ka sanar dasu su faɗa maka yadda za'a tafiyar da asusun, kar ka ɓoye.

Inda mutum ke shiga uku shine in rahoton likitan na bogi ne aka saya don a fasa asusu da wuri. Ana yi, kuma masu yi suna jawo wa masu lalurar gaske wahala don yanzu kowa kallon zargi ake masa. Kai tunda naka na gaskiya ne ka adana katin asibiti da takardar aikin idon da aka maka a waje ɗaya, shikenan.

Baka faɗa min ko tarayya kayi wa aiki ko jiha ba. Duk bayanin nan na tsarin tarayya ne da jihohin da suka bi sahunsa irin Kaduna. Wasu jihohin kamar Kano da Jigawa suna da nasu tsarin da nasu hukumar, wasu kuma har yau tsohon tsarin fansho da garatuti suke bi, in na jiha ne kai ka nemi dokar jiharku ka karanta ko kasa a karanta maka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ƙanina direba ne a wata ma'aikata, sunyi haɗari akan hanyar dawowa daga aikin da aka tura su, an yanke masa ƙafa ɗaya, yau wata bakwai kenan. Oga yazo dubiya ya bada ɗan wani abu, ofis sun biya kuɗin asibiti na farko daga nan shiru. Ance mana fansho kawai zai samu in an sallame shi. Haka ne?
Yayansa, daga Minna

AMSA: Subhanallahi, Allah ya bashi haƙuri da dangana. Ba haka bane yaya, kuma ku tashi tsaye yau ba gobe ba don lokaci na ƙure muku. Bayan fansho akwai wata doka daban ta 2010 ta biyan diyyar ma'aikata, hukumar NSITF ke riƙe da ita. Ma'aikata ce ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatanta, ba'a cirewa daga albashin ma'aikaci, kuma ta shafi na gwamnati da na kamfani banda sojoji. Duk wanda ya ji rauni a bakin aiki ko saboda aiki ya shiga, har wanda yayi haɗari tsakanin gidansa da wajen aiki, balle ƙaninka da aikin ne ma ya ɗora shi akan titi. In an tabbatar nakasar gaba ɗaya ce ta dindindin, doka tace a dinga biyan kashi 90 cikin 100 na albashinsa, in kuma ta wani ɓangare ce sai a ƙiyasta abin da ya rasa na samu a biya kashi 90 na wannan, ga kuma magani da taimakon gyaran jiki irin su ƙafar roba. Wannan baya hana fanshonsa, hanyarsu daban asusunsu daban.

Matsalar wa'adi ne. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da ma'aikata cikin kwana 14, ma'aikata ta kai rahoto hukumar cikin kwana 7, neman diyyar kuma a shigar dashi cikin shekara ɗaya daga ranar haɗarin. Akwai sassauci har zuwa shekara uku in akwai uzuri mai ƙarfi amma wannan ganin damar hukuma ne, kar ku dogara dashi. Ku wata biyar ya rage muku, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Kuje ofis ɗinsu ku tambaya a rubuce, shin an kai rahoton haɗarin? In sun fara kame-kame ku wuce ofishin NSITF na jiharku da kanku, da takardar da ta nuna an tura shi aikin, da rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗurra, da na asibiti. Tambayi kuma ko ma'aikatar tayi rajista tana biya, don ba kowace ke yi ba musamman a jihohi da ƙananan hukumomi, kuma ƙungiyarsu ta ƙwadago tana da amfani a nan, kuɗin da ake cira masa duk wata na ƙungiya ai don irin wannan ranar ne.

In an fara biya, shi wannan ba kamar asusun fansho bane da na faɗa wa ɗan'uwanmu na Gombe, kuɗin hukuma ne kuma an ɗaure shi da halin da jikin yake ciki. Duk sanda suka kira shi duba lafiya yaje, in ya canza gida ko lambar waya ko banki ya sanar, in an tambaye shi ko yana wani aiki ya faɗi gaskiya. In sun yanke hukuncin da bai gamsu ba yana da kwana 180 ya nemi su sake dubawa, daga nan sai kotun ma'aikata. Kuma kafin wani lauya ya zuga ku ku kai ma'aikatar kotu neman diyya, ku sani doka bata yarda a haɗa biyun ba, ɗaya ake zaɓa.

Af, kuma yanke ƙafa ba dole ne ya zama ƙarshen aiki ba. Tuƙi ne ya gagara, amma akwai rajistar motoci akwai sito akwai karɓar wasiƙu. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 har cewa tayi hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na gurabensu ga masu buƙata ta musamman. Ya nemi a canza masa tebur kafin a fara maganar sallama.

TAMBAYA: Babanmu tsohon ɗan fansho ne na tarayya tun kafin zuwan kamfanonin fansho, yanzu yana kwance baya iya tashi, wata biyu alat bai shigo ba.
'Yarsa, daga Katsina

AMSA: Ɗiyata, Allah ya ƙara masa sauƙi. Tunda tsohon tsari ne hukumar PTAD ce ke biyansa, kuma abu na farko da zaki duba shine tantancewar nan ta ana raye da suka fara a 2023 mai suna I Am Alive, wadda ake sabuntawa duk wata shida. Da waya mai kamara da intanet ake yi, a sa lambarsa ta fansho da lambar asusun banki a ɗauki fuskarsa, yana kwance ma za'a iya. In fuskar taƙi karɓuwa akwai ta zanen yatsa, in duk sun gagara ki rubuta musu da rahoton likita ki nemi azo a tantance shi a gida, suna yi wa marasa lafiya. Ki leƙa banki ma ko asusun ne aka rufe saboda BVN ko NIN. Duk wanda ya kira yace ku turo kuɗi ko lambar katin ATM zai gyara muku, ɓarawo ne ki kashe wayar.

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗan Kumasi ne ina zaune a Bronx a Amurka, nayi wa gwamnatin tarayyar nan aiki shekara 12 sai ciwon baya ya tsananta aka bani ritayar nakasa, shekarata 51. Inaso in fara tuƙin tasi ko wani aiki mara nauyi, wasu sunce ba komai wasu sunce za'a yanke. Wanne ne gaskiya?
Ɗan Zango, daga Amurka

AMSA: Alhaji duka biyun suna da rabin gaskiya, kuma dan Allah kar ka ɗauki amsar da na ba na Gombe ka ɗora wa kanka, tsarinku daban ne. A can ofishin OPM mai kula da ma'aikatan gwamnatin tarayya ne ke biyan ku, kuma an yarda kayi aikin da ba na gwamnati ba, amma muddin baka kai shekara 60 ba, in abin da ka samu daga albashi ko sana'arka a shekara guda ya kai kashi 80 cikin 100 na albashin da ake biya YANZU a kujerar da ka bari, sai suce ƙarfin nemanka ya dawo, su tsayar da fanshon a ƙarshen Yuni na shekara mai bi. Misali in kujerar yau dala 60,000 take a shekara, kar ka taɓa 48,000, ka bar tazara mai kyau don ɗan ƙarin aikin Disamba kaɗai na iya tsallakar da kai. Duk shekara zasu nemi ka faɗi abin da ka samu, ka amsa akan lokaci ko da sifili ne. Suna kuma iya neman sabon rahoton likita har ka kai 60, saboda haka kar ka daina zuwa asibiti don ciwon ya lafa, mutumin da ya shekara biyu bai ga likita ba da wuya ya iya nuna har yanzu yana da lalura. Ka kuma kula da irin aikin, wanda yace bayansa ya hana shi zama doguwar awa sannan aka ganshi awa 12 a sitiyari ya basu hujja da hannunsa.

In kana karɓar kuɗin nakasa na Social Security, wato tsarin tallafin tsufa da nakasa na Amurka, shi iyakarsa ta fi wannan ƙanƙanta sosai, a 2025 dala 1,620 ne a wata ga wanda ba makaho ba, bayan watanni tara na gwaji da suke bayarwa. Kuma ana rage wani ɓangare na kuɗin daga fanshon OPM, don haka duk sanda aka fara biyanka ko aka tsayar ka sanar da OPM nan take, in ba haka ba wata rana wasiƙa zata zo ace an biya ka fiye da ƙima ka dawo dashi. Duk wasiƙar da tazo da hukuncin da baka yarda dashi ba ka duba kwanan watan dake kanta, kwana 30 ne kawai na neman a sake dubawa.

Masu tambaya kan garatutin ƙananan hukumomi, saƙonninku sun iso, sai wata mai zuwa in Allah ya kaimu.